Sa'ad da Alƙalami Ya Cije

Akwai wani ciwo da yakan kama masu rubutu, wanda ba a cika faɗinsa a fili ba saboda kunya. Mutum ya zauna da takarda da alƙalami, yana jin akwai magana a cikinsa, amma ko layi guda ya ƙi fita. Ya rubuta kalma uku ya soke biyu, ya tashi ya leƙa waje ya komo, har rana ta faɗi takarda tana nan fara fat. Wani kwana biyu ciwon yakan yi masa ya sake shi. Wani kuwa har kabari yake raka shi. Ralph Ellison, baƙar fata ɗan Amurka, ya fitar da littafinsa na fari a 1952, aka yaba masa ƙwarai. Ya yi shekara 40 yana fama da na biyun, ya rasu a 1994 ya bar shafi fiye da 2000, littafin kuwa bai haɗu ba.

Shawarwarin da akan bayar a kan wannan ciwo suna da yawa, kuma kusan duk kamarsu ɗaya. A ce wa mutum ya fita yawo, ko ya yi barci, ko ya sake wurin zama, ko ya jira har basira ta sauko masa da kanta. Akwai gaskiya a cikinsu. Sai dai duk suna ɗaukar marubuci kamar wanda yake shi kaɗai a dokar daji, ciwon nasa ne, maganin kuma yana hannunsa. Hanyar gwada magani ita ce a dubi wanda ya sha a ga yadda ya ƙare, shaidar marubuci kuwa ita ce littafin da ya bari. Saboda haka za a auna littattafai biyu a nan. Ɗaya doguwar waƙa ce ta Turanci da aka buga a Ingila a 1785. Ɗayan kuwa Magana Jari Ce, wanda kusan duk mai karatun Hausa ya sani. Tsakaninsu akwai shekara 150, ga teku ga hamada, amma hanyar da aka bi aka same su ɗaya ce: wani mutum dabam ne ya zo ya ɗora wa marubucin aiki, ya tsaya yana jira.

Mutumin da aka ce ya yi wa kujera waƙa

An haifi William Cowper a Ingila a 1731. Ya yi karatun shari'a, amma a 1763, sa'ad da aka ce sai ya tsaya gaban majalisar dattawan ƙasar an yi masa tambayoyi kafin a ba shi aikin akawu, tsoro ya rinjaye shi har hankalinsa ya gushe, ya nemi ya kashe kansa. Da ya sami sauƙi sai ya zauna a gidan wani fasto mai suna Unwin. Faston ya rasu a 1767, Cowper da gwauruwar, Mary Unwin, suka ƙaura zuwa wani ƙaramin gari da ake kira Olney. Mai kiwon ikilisiyar garin shi ne John Newton, wanda dā shugaban jirgin fataucin bayi ne.

Newton ne ya fara ɗora masa aiki. Ya ce su haɗa hannu su tsara waƙoƙin sujada domin taron addu'a na garin, wanda yawancin masu zuwansa talakawa ne masu saƙa. Cowper ya yi ta rubutawa har farkon 1773, sa'ad da ciwon ya komo masa da ƙarfi. Ya yi wani mafarki wanda ya sa ya gaskata Allah ya yashe shi har abada. Daga nan ya daina shiga sujada, ya daina tsara waƙar yabo. Littafin waƙoƙin ya fito a 1779 da waƙa 348, na Cowper a ciki ba su kai 70 ba. Sauran duk Newton ne ya cika.

Wajen shekara bakwai ba abin da yake fita daga hannunsa sai wasiƙu da 'yan baitoci. A cikin waɗannan shekaru ya sha kusan dukan magungunan nan da aka lasafta a sama. Ya yi kiwon zomaye uku, ya sassaƙa musu akurki da hannunsa. Ya yi lambu, ya koyi zane, ya yi ta yawo a bakin kogi. Waɗannan abubuwa sun kwantar masa da rai, sun kuma cika masa rumbu da abin da zai rubuta daga baya, ko da yake bai sani ba. Amma ba su buɗe rumbun ba.

Mata biyu ne suka buɗe shi. A ƙarshen 1780 Mary Unwin ta ba shi kan magana ta ce ya yi waƙa a kai, daga nan littafinsa na 1782 ya samu. Waƙoƙin cikinsa wa'azi ya yi musu yawa, ba su kuwa yi kasuwa sosai ba, amma hannu ya motsa. Ta biyun wata gwauruwa ce mai fara'a, Lady Austen, wadda ta zo ta zama maƙwabciyarsu. Wata rana da ta ga ransa a ɓace, ta ba shi labarin wani ɗan tireda na Landan wanda dokin aro ya gudu da shi. Cowper ya kwana yana dariya, ya mai da labarin waƙa, waƙar kuma ta bazu ko'ina a Ingila. A 1783 matar nan ta matsa masa ya yi doguwar waƙa marar ƙafiya. Ya ce ba shi da abin da zai yi waƙa a kai. Sai ta ce ya yi a kan kujerar ɗakin, irin doguwar nan mai laushi da ake kishingiɗa a kai. Kafin ƙarshen 1784 ya gama waƙa mai kashi 6, layi fiye da 5000. Ya sa mata suna The Task, wato aikin da aka ɗora wa mutum.

Ya kamata a tsaya a tambaya, me ya sa kujera ta yi abin da zomaye da lambu suka kāsa? Mutumin da ya ɗauka an rufe masa ƙofar jinƙai ba zai iya ɗaukar alƙalami ya rubuta alherin Allah ba, gama kowace kalma za ta zama masa shari'a. Kujera kuwa ba ta da nauyin kome. In waƙar ta lalace, ba wanda ya yi saɓo, ba wanda ya ji kunya, abin dariya ne tun asali. Ban da haka an sauke masa kayan ƙafiya. Duk wanda ya taɓa tsara waƙar Hausa ya san yadda neman kalmar da za ta ƙare da "na" ko "wa" yakan tsai da tunani a tsakiyar hanya. Abu mafi girma kuwa, mai jiran waƙar tana nan ƙetaren lambu, gobe za ta shigo ta ce a karanta mata.

Maganin ya bar tabonsa a jikin waƙar, mai karatu kuwa zai gan shi tun daga shafin fari. Wajen layi 100 na farko tarihin abin zama ne, daga kujera 'yar tsugune mai ƙafa uku har zuwa mai laushin, an faɗe shi da babbar murya ta wasa kamar ana ba da labarin yaƙi. Nan ne waƙar ta fi rauni. Kamar gugan farko ne daga rijiyar da aka yasa, rabinsa laka. Amma ba a samun na biyu sai an ja na farko. Daga nan mawaƙin ya yi fatan kada ciwon ƙafa ya taɓa ɗaure shi a kan kujerar, gama shi mai son tafiya ne. Da wannan 'yar dabara ya tashi ya fita waje, kujera kuma ba ta ƙara zama kan magana ba. Sai ga kogi da shanu, ga mai sussuka yana zufa, ga ɗan aiken gidan waya yana shigowa gari da jarida a daren sanyi. A kashi na biyu ya la'anci cinikin bayi da zafi, tun shekara 22 kafin Ingila ta hana shi a 1807. A kashi na uku ya ba da dogon bayani a kan yadda ake tara taki a shuka kokwamba a lokacin sanyi, a nan ne kuma ya kwatanta kansa da barewar da aka harba ta rabu da garke, har wani wanda shi ma yake da tabon rauni a hannu da kwiɓi ya same ta ya zare mata kiban. Abin da ya kāsa faɗi kai tsaye shekara 10, ya faɗe shi ta bayan gida, tsakanin zomo da kokwamba.

Laifin waƙar a fili yake. Ba ta da ƙashin baya. Takan bar gona ta shiga faɗa da mutanen birni, ta bar su ta kama fastocin da ba su kula da garkensu, ta sāke komowa gindin murhu. Wanda ya kama hanya ba da sanin inda za shi ba, sawunsa yakan nuna. Duk da haka, inda Cowper yake faɗin abin da idonsa ya gani, maganarsa tana da rai har yau, mawaƙan Ingila da suka biyo bayansa kuma, irin su Wordsworth, sun koyi duban ƙananan abubuwa daga wurinsa.

Akwai wani abu kuma da bai kamata a ɓoye ba. Alƙalamin ya warke, mutumin bai warke ba. Da ya gama waƙar sai ya kama fassara waƙoƙin Homer na Helenanci, yana yanka wa kansa wajen layi 40 kowace rana kamar mai yanka kunya a gona, don kada ya zauna hannu sake tunani ya cinye shi. Fassarar ta fito a 1791. Mary Unwin ta rasu a 1796. Waƙarsa ta ƙarshe, ta 1799, a kan wani matuƙi ce da ya faɗa teku jirgi ya wuce ya bar shi. Ya rasu a 1800 bai rabu da tsoronsa ba. Ciwo biyu ne, kowane da maganinsa. Cijewar alƙalami takan ji aiki da matsi. Baƙin ciki mai zurfi irin na Cowper kuwa jinya yake so, da haƙuri, da likita. Abin yabo ga mutanen da suka kewaye shi, ba su haɗa biyun ba. Sa'ad da ya faɗi a 1773, Newton ya riƙe shi a gidansa fiye da shekara guda yana jinyarsa, bai ce masa ya tashi ya cika waƙoƙin da ya yi alkawari ba. Sai da ya iya tsayawa aka miƙa masa aiki.

Aku mai labari kowane dare

A ƙasar Hausa ciwon ya zo da wata kama, gama jama'a guda ya kama. Kafin 1933 Hausawa sun daɗe da rubutu. Akwai waƙoƙin wa'azi da na tarihi a ajami, akwai wasiƙun sarakuna. Tatsuniya kuwa tana bakin tsofaffi mata da dare. Abin da ba a saba ba shi ne malami ya zauna ya ƙaga labari ya rubuta domin a karanta a ji daɗi. A shekarar nan Rupert East, Baturen da yake shugabancin ofishin fassara a Zariya, ya zaga manyan garuruwa yana roƙon masu ilimi su rubuta labari a shiga gasa. Ya tarar da yawansu suna ganin wannan aikin mata da yara ne, bai dace da mai rawani ba. Rijiya ta bayar, guga ya hana.

Littattafai biyar suka fito daga gasar: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na wansa Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi wanda John Tafida ya rubuta tare da East. Imam yana da shekara 22 a lokacin, yana koyarwa a makarantar Midil ta Katsina. Shi da kansa ya faɗa daga baya cewa dabarar Ruwan Bagaja, wato mutum biyu masu wayo kowa yana neman kā da ɗan'uwansa, daga littafin Larabci na Maƙamatul Hariri ya ɗauko ta, ya mai da su Alhaji Imam da Malam Zurƙe.

A 1936 aka ari Imam daga Katsina zuwa Zariya. East ya tara masa littattafan labarai na Gabas da na Turai, aka ce ya karanta ya rubuta wa 'yan makaranta abin karatu. Cikin wata shida ya gama Magana Jari Ce, littafi uku, aka buga su tsakanin 1937 da 1939. Masu bincike sun bi sawun labaran sun tarar da waɗansu daga Alfu Laila suke, waɗansu daga Kalila wa Dimna, waɗansu daga tatsuniyoyin Jamus da 'yan'uwan nan Grimm suka tara, waɗansu kuma na gida ne. Ko akun da yake ba da labaran, yana da kaka a wani tsohon littafin Indiya inda aku yake hana uwargijiyarsa fita da dare ta wurin ba ta labari.

Ga magani na biyu ke nan, wanda bai fito sosai a labarin Cowper ba: in naka ya ƙafe, ka ɗebo na magabata. Littafin Farawa ya nuna yadda Ishaku, da ya rasa ruwa a kwarin Gerar, ya sāke haƙa rijiyoyin mahaifinsa waɗanda Filistiyawa suka cike da ƙasa, kāna ya haƙa nasa sababbi. Da tsohuwar zuma ake magani. Abin tambaya shi ne ko mai ɗiban ya mai da ruwan nasa.

A nan ne gwanintar Imam take. A cikin tatsuniyoyin Jamus akwai labarin wata kuku da ta cinye kaji biyu da maigidanta ya sa ta soya wa baƙo. Da baƙon ya iso ta raɗa masa cewa maigidan yana wasa wuƙa ne don ya yanke masa kunnuwa, baƙo ya zura da gudu. Ta koma ta ce wa maigida baƙo ya sace kajin. Maigida ya bi shi da wuƙa a hannu yana roƙo a bar masa ko guda ɗaya, baƙo kuwa yana tsammani kunne ake nufi. Wanda ya karanta labarin Kalala da Kalalatu zai gane ƙashin labarin nan da nan. Amma Imam ya mai da kuku da ubangidanta suka zama mata da miji, da wannan kuwa nauyin labarin ya sāke. Ya zama zancen gidan Bahaushe: darajar baƙo, da wanda yake cin tsoka da wadda take tsotsar ƙashi. Haka kuma mai busan nan na Jamus da ya kwashe ɓerayen gari aka hana shi ladansa, ya zama Sarkin Busa. Fada da fadawa, zauren alƙali, kasuwa, baƙauye a hannun 'yan birni, duk sun shigo, mutanen kuma suna magana da bakin da ake ji a titi, da ba'a da karin magana. Yara da yawa sun girma da littafin ba su taɓa zaton akwai baƙon abu a ciki ba.

Littafin da kansa yana koyar da yadda labari yake zuwa, in an lura da ginin da aka yi masa. A littafi na ɗaya Sarki Abdurrahman ya tafi yaƙi tare da jikansa Mahmudu, ya bar ɗansa Musa a gida, Waziri kuma yana ƙulla makircin hallaka yaron. Kowane dare Musa yakan yi shiri zai bi Mahmudu, aku kuwa ba shi da takobi, ba shi da ƙarfin tare ƙofa. Abin da yake da shi labari ne. In ya ce yau basira ba ta zo ba, Musa zai fita ya faɗa hannun maƙiya. Akun nan hoton marubucinsa ne, wanda aka ba wata shida, ana jiransa. Shi ya sa littafi na ɗaya ya fi kama zuciya, gama kowane labari yana sayen dare guda na ran mutum. A littafi na biyu gasa ce tsakanin aku da wani aku mai suna Haziƙ, abin da za a rasa kuwa suna ne kawai. A na uku aku ya zama Waziri, yana koya wa ɗansa Fasih sana'ar baki. Labaran suna nan da daɗinsu, waɗansu ma sun fi na farko tsawo da gwaninta, amma igiyar da ta ɗaure su ta yi sako-sako, domin ba wanda zai mutu in an yi shiru.

Akwai kuma wuraren da ruwan aro ya zo da lakarsa. Labarin Ƙamaruzzaman ya shigo da rawaninsa na Gabas bai tuɓe ba, hannun Imam bai fito a cikinsa kamar yadda ya fito a na Kalala ba. Da yake kuma domin makaranta aka yi littafin, wani lokaci darasi yakan leƙo kafin labari ya gama numfashi. Waɗannan ƙananan laifofi ne in an gwada da girman aikin.

Tsakanin aro da sata

Wannan magani yana da haɗari, labarin Yambo Ouologuem na Mali kuwa ya isa gargaɗi. Littafinsa na Faransanci ya fito a 1968, ya ci kyautar Renaudot, shi ne ɗan Afirka na fari da ya same ta. A 1972 aka nuna cewa waɗansu sassan littafin sun bi rubutun Graham Greene na Ingila kusan kalma da kalma, aka kuma nuna kamanci da littafin André Schwarz-Bart. Ouologuem ya ce ya sa alamun da suke nuna maganar wani ce, masu bugawa ne suka cire. Aka janye littafin daga kasuwa. Ya koma Mali ya zauna a Sebare, bai ƙara fitar da wani labari ba har ya rasu a 2017. Ko wane ne mai laifi, alƙalami mai kaifi ya karye.

Bambancin a bayyane yake. Imam ƙashin tatsuniya ya ara, abin da ya riga ya ratsa bakuna dubu kafin ya iso gare shi, tsoka da fata kuwa nasa ne, bai kuma ɓoye inda ya samo ba sa'ad da ya ba da tarihin rayuwarsa. Wanda ya ɗauki jimlolin wani ya jera a shafinsa ya ari zane ne, zanen aro kuwa ba ya rufe katara. Mai aro na kirki yakan karanta, ya rufe littafin, ya kwana, sa'an nan ya ba da labarin da bakin garinsu.

In mai tambaya ya daina tambaya

Wani zai ce ai akwai waɗanda suka warkar da kansu. Akan kawo misalin Victor Hugo na Faransa, wanda a 1830 ya sayi kwalbar tawada, ya kulle tufafinsa na fita don kada ya bar gida, ya zauna cikin mayafin ulu har ya gama littafinsa a kan babbar majami'ar Paris a Janairun 1831. Gaskiya ne. Amma abin da ya sa ya kulle tufafin shi ne mai buga littafin ya gaji da jira, ya yanka masa rana, da tara mai nauyi a kan kowane makon da ya wuce. Ko a ɗakin nan da aka kulle, akwai mutum na biyu a bakin ƙofa.

Abin da ya faru bayan gasar 1933 ya ƙara tabbatar da haka. Tafawa Ɓalewa bai sāke rubuta wani ƙagaggen labari ba bayan Shaihu Umar. Imam ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, ya yi ta rubutu domin jarida tana jira, ya kuma wallafa littattafan tarihi da na tafiya da na addini, amma har ya rasu a 1981 bai ƙara yin wani littafin labarai mai girman Magana Jari Ce ba. Basirarsa ba ta ƙare ba. Abin da aka roƙe shi ne ya sāke. Tarihin ƙagaggun labaran Hausa haka yake tafiya, in an kira a amsa. Hukumar NORLA ta fitar da waɗansu a shekarun 1950. Gasar kamfanin buga littattafai na NNPC a Zariya ta haifi littattafai uku a 1980, har da So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwaheed. Daga ƙarshen shekarun 1980 matasan Kano suka kafa ƙungiyoyin marubuta irin su Raina Kama, suna karanta wa juna, suna fitar da labari kashi-kashi, masu saye kuma suna zuwa kasuwa suna tambayar kashi na biyu. A 2016 sashen Hausa na BBC ya buɗe gasar Hikayata domin mata, sai ga labarai daga mata waɗanda ba a taɓa jin sunansu ba. Ko Luka, sa'ad da ya zauna rubuta Bishara, ya bincika abin da waɗansu suka riga suka rubuta, ya kuma sa mutum ɗaya a gabansa, Tiyofalas, ya rubuta dominsa.

Saboda haka wanda alƙalaminsa ya cije, yawo da barci ba za su cuce shi ba, gama da su ake cika rumbu. Amma in ya daɗe a tsaye, abin da littattafan nan biyu suka nuna ke nan. Ya rage girman abin da yake nema, ya fara da abin da yake gabansa ko da kujera ce, ya yarda gugan farko laka ne. Ya koma ga tsofaffin labarai ya ba da su da nasa baki. Ya yanka wa kansa awo na kowace rana wanda ba zai gagare shi ba. Fiye da kome, ya nemi mutum guda wanda zai ce masa, ran Asabar zan zo in ji.

Rabin maganar kuwa ta masu karatu ce. A garuruwa da ƙauyuka akwai masu littafin rubutu a ƙarƙashin katifa, an cika shafi huɗu an tsaya: wata ta fara waƙa, wani ya fara wasan kwaikwayo, wani tsoho ya fara tarihin garinsu. Yawancinsu ba wanda ya taɓa tambayarsu ina aka kwana. A 'yar gabatarwar da Cowper ya yi wa waƙarsa ya ce wata mace ce ta ba shi aikin, bai ko ambaci sunanta ba, ita kuma ta riga ta bar Olney kafin a buga littafin. Ba ta rubuta layi ɗaya a ciki ba. Irin aikin da ta yi, ko wanda bai iya riƙe alƙalami ba yana iya yinsa: ya roƙi abu ƙarami, ya sa rana, ranar kuma ya zo ya zauna ya saurara.